Layi Ukun da Na Ƙi Rubutawa

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Sunayen maƙwabta sun gudu, lungunan Makka da na sani an rushe su, har takalmina wani lokacin sai an nuna mini inda na cire shi. Amma akwai abu guda da tsufan ya taɓa ya ji ya fi ƙarfinsa, kuma na san da shi za a kai ni kushewa. Shi ne shekarar da na ƙera wa zuciyar matata zobe, aka nemi in rubuta layi uku a takarda, na ƙi.

Ni Bakano ne, gidanmu majema ne tun kaka da kakanni, kuma muna taɓa dukanci. Da ni da ita muka taso daga Kano muna da sauran ƙuruciya, muka bi ta Chadi, muka yi shekara uku a Sudan muna tsintar auduga kafin mu ƙetare teku. Niyyarmu mu sauke farali mu koma gida, sai zama ya kama mu a Makka, a unguwar Utaibiyya, a wani ɗan gida can saman tudu. Ina ɗinka salka, ina gyara takalma, ina yanka fatar famfon risho, wadda in ta saki rishon ba ya kamawa. Larabawan unguwa suna ce mini Usta, wato gwanin sana'a. Ita kuwa Malam take ce mini, in na fusata ta ƙara da cewa, "Malam, wutar ta isa haka, mu ɗora tukunya."

Gajeruwa ce, mai dariya har da hawaye. Waina take soyawa a ƙofar gida, kuma ban taɓa ganin alhajin da ya ci ya tafi bai dawo ba. 'Ya'yanmu biyu mata mun aurar da su, ɗaya tana Jidda, ɗaya tana Ɗa'if, saboda haka daga ni sai ita a gidan. In na dawo da la'asar tun daga ƙasan tudu nake jin muryarta tana yi wa kajin maƙwabta faɗa da Hausa, wai su ma su koya. Wallahi har yau in na ji ƙaurin waina sai na waiga.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da sittin ciwon ya bayyana. Da fari haki ne in ta hau matakalar tudun, sai ta tsaya a tsakiya ta ce wai kallon gari take yi. Daga nan ƙafafu suka kumbura, kwanciya ta gagara sai a jingine. Na kai ta asibiti, muka sami wani likita Bamisire, mutum mai fara'a da sanƙo, wanda duk maganar da zai yi sai ya zana ta a takarda. Ya ɗora mata abin sauraro ya daɗe, sannan ya ja ni gefe ya zana mini zuciya da ɗakunanta.

Ya ce, "Ka ga nan, ya Usta? Ƙofa ce mai ƙyaure biyu. Jini in ya wuce sai ta rufe. Ta matarka bakin ƙofar ya saki, ƙyauren ba sa haɗuwa, jinin yana komawa baya."

Na ce, "To yaya ake yi?"

Ya ce a Turai sun fara cire ƙofar gaba ɗaya su sa wata ta ƙarfe mai ƙwallo a ciki, kuma malaminsa a Alƙahira ma ya fara irin wannan aiki, amma masu jira sun yi yawa, bare kuma baƙo.

Na ce, "Tsaya, likita. Ƙyauren ne suka lalace?"

Ya ce, "A'a, da sauransu. Bakin ne ya buɗe."

Na ce, "Af! Ai wannan aikina ne. Salka in bakinta ya saki ba na yar da ita. Zobe nake zagaya mata in ɗinke, ta koma yadda take."

Ya tuntsire da dariya, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya Usta, zuciya ba salka ba ce." Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni kuwa duk wanda ya san ni ya san ba a yi mini dariya a kan sana'ata in kwana ban yi wani abu ba.

Da aikin Hajji ya zo, ranar yanka na ɗauki buhu na nufi Mina. A wancan zamanin dabbobi ake yankawa ba iyaka, nama yana zube a ƙasa, ba mai kula da kayan ciki. Na bi mahauta ina roƙon zuciya. Wani Bahaushe mahauci ya dube ni ya ce, "Alhaji, ga cinya ka ƙi, sai zuciya? Lafiya kuwa?" Na ce masa ya zuba kawai. Na dawo gida da zukatan raguna sun fi arba'in, na barbaɗe su da gishiri, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kuliyoyin Utaibiyya kaf suka yi mana sansani a kan katanga.

Sai in tsaga zuciya in nemo ƙofar, in zuba ruwa da buta in ga yadda ƙyauren suke tashi su haɗu. Kai, Allah gwani ne! Ɗinkin da na gani a ciki ba baduku da zai iya rabinsa. Sannan in sa yatsu in buɗa bakin da ƙarfi har ya saki, in sake zuba ruwa, ya zube ta baya kamar yadda likita ya ce. Daga nan na fara gwada zobe. Wani maƙerin azurfa Bayamane ya ja mini siririyar waya, na lanƙwasa ta daidai siffar bakin, don na lura ba zagayayye ba ne sosai, gefe ɗaya a miƙe yake. Amma allura ba ta kama ƙarfe, dole a naɗe shi da abin da za a ɗinka. Na gwada fatar akuya, ta yi kauri. Na gwada ƙyalle, ya jiƙe ya saki. Sai idona ya faɗa kan tantanin da yake lulluɓe da zuciyar ragon kanta.

A nan sirrin gidanmu ya shigo. Kowane majemi ya san bagaruwa, amma mu akwai wata jima da muke yi wa fata mai laushi, wadda ba ta ruɓewa a ruwa kuma ba ta ƙandarewa in ta bushe. Ranar da mahaifinmu ya koya mana ita, ni da Yayana, ya sa muka rantse ba za ta fita daga gida ba sai da izinin babban gida. Mahaifinmu ya rasu, Yaya ya zama babba a Kano. Da wannan jima na jeme tantanin, na naɗe zoben, na ɗinka shi a bakin ƙofar da na buɗa. Na zuba ruwa. Ƙyauren suka tashi suka haɗu, ko ɗigo bai koma baya ba.

Matata tana jingine a bakin ƙofar ɗaki tana kallona. Na yi kabbara har kuliyoyin suka watse. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, da ta sami numfashi ta ce, "Malam, ka gyara zuciyar rago bayan an yanka shi. Ni dai ka yi sauri, kada ka yi mini irin tasa." Na ce mata ta daina wannan magana. Ta ce to, amma ta gaji da farfesun zuciya, in zan ƙirƙiro wani abu nan gaba in ƙirƙiro na cinya.

Na naɗe zuciyar a tsumma na kai wa likita, da butata a hannu. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya sa na zuba ruwan sau uku, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce malaminsa zai so ya ga wannan, amma kada in saki abin a hannun kowa sai na yi masa rajista. Ya bayyana mini cewa a Masar akwai ofishin da ake kai sabuwar ƙirƙira, a bincika, in ta tabbata sabuwa ce a ba mutum takardar da suke kira bara'a, shaidar cewa shi ya ƙirƙiro. A Saudiyya lokacin babu irin wannan ofishi. Ya ce, "In ka shiga wurin malamina da bara'a a hannu, ba baƙo mai roƙo ba ne kai. Za su saurare ka, kuma ina sa ran su duba matarka."

Yanzu da na tsufa na gane cewa "ina sa rai" ya ce. Ni kuwa a ranar abin da kunnena ya ji shi ne, takarda na fitowa za a yi mata aiki. Na sa ranta gaba ɗaya a kan wannan takarda.

Muka zauna da likita ranakun Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ni na zana zoben ta sama da ta gefe, shi ya rubuta bayani da Larabcin boko. Da muka zo kan tantani ya ce, "Da me ka jeme shi?" Na ce bagaruwa da wasu haɗe-haɗe na gida. Ya ce waɗanne? Na ce na gida. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ɗaga kafaɗa, ya rubuta cewa an jeme shi da wata jima ta musamman. A ganina wayo na yi. Haka muka tashi muka gani, mai sana'a yana nuna aiki, ba ya nuna hannu. Muka haɗa da zobe guda a ƙaramin gwangwani, aka aika wa wani ɗan'uwan likitan da ya tsaya mini a matsayin wakili a can.

Watanni suka shuɗe. Ta daina soya waina, ta daina sauka daga tudun sai in na goya ta. Nauyinta ya koma kamar na yarinya, sai ƙafafun da suka yi suntum. In na goyo ta muna hawa sai ta riƙa ƙirga matakala a kunnena, ta ce a Sudan ita ta ɗauki kayana a ka, yau an rama. Azumi ya zo bai yiwu mata ba, ta yi kuka a kan wannan fiye da yadda ta yi a kan ciwon.

Ana saura kamar wata guda a fita Arfa amsa ta zo. Likita ya aiko aka kira ni, ya karanta mini a hankali yana fassarawa. Mai tantancewar ya ce ya duba zane ya gane shi. Ya ce ya bincika abin da aka riga aka yi rajista da abin da likitocin waje suka wallafa, ya ga tunanin tallafe bakin ƙofa da zobe wasu ma suna kewaya shi, saboda haka abin da yake gani sabo a wurina shi ne tantanin da yadda aka jeme shi. Kuma daidai wannan wurin ne na bari a rufe. Ya ce ƙa'ida ita ce a rubuta bayani yadda duk wani mai sana'a zai karanta ya yi irinsa ba tare da ya tambaye ni ba, domin cinikin ke nan: hukuma ta tsare maka haƙƙinka na wasu shekaru, kai kuma ka faɗa wa duniya komai. Ya ba ni wata uku in cike gurbin, in ba haka ba a ɗauka na janye.

A ƙasan takardar ya ƙara wasu kalmomi da alƙalaminsa. Ya ce zoben da na aiko ya jefa shi a kofin ruwan gishiri a kan teburinsa ya yi makonni, bai ruɓe ba, bai ƙandare ba, kuma yana so ya san dalili. Amma abin da idonsa ya gani ba ya shiga fayil, sai abin da na rubuta. Ban taɓa ganin mutumin nan ba, ban san kamanninsa ba, amma na daɗe ina jin haushinsa, kuma na daɗe ina jin kunyarsa. Aikinsa ya yi, kuma ya yi shi da mutunci.

Likita ya ɗauki alƙalami ya ce, "Yalla, ya Usta, faɗa mini. Layi nawa ne?"

Na ce, "Bai wuce uku ba."

Ya ce, "To bismilla."

Na ce, "Na yi rantsuwa. Sai na nemi izinin Yayana."

Ya ce in aika wasiƙa ta jirgin sama yau ɗin nan, ko in buga barƙiyya, wato wayar tangaraho. Na ce ina! Maganar sirrin gida ba a sa ta a ambulan, bare a ba ma'aikacin gidan waya ya karanta. Irin wannan magana mutum ake tashi, dattijo mai mutunci, ya je ya zauna a zauren Yaya, a gaisa, a ci abinci, sannan ya faɗa baki da baki. Alhazai sun fara isowa, na san ba za a rasa ɗan unguwarmu ba. Likita ya ajiye alƙalamin ya ce, "Zuciyar matarka ba ta san wannan al'adar ba." Na tashi na fita ko sallama ban yi masa ba.

Da na gaya mata, ta riƙa murza bakin zanenta. Can ta ce, "Malam, ka rubuta musu."

Na ce, "Kin san na rantse a gaban Baba."

Ta ce, "Na sani. Ai rantsuwa tana da kaffara. Miskinai goma ne ko? Ka sayo shinkafa, ka kawo mini risho nan kusa, ni zan dafa musu a zaune."

Kun ji fa. Matar da ba ta iya ɗaga buta ita ce za ta dafa abincin kaffarar rantsuwata. Kuma gaskiya ta faɗa, a Makka muke, duk malamin da na tare a Harami abin da zai gaya mini ke nan. Na san haka sarai. Ba tsoron Allah ne ya hana ni ba, kada in yi wa kaina ƙarya da furfura. Tsoron bakin mutane ne. Ina hango majema a Kano suna cewa wane ya je Makka ya sayar wa Misirawa da sirrin gidansu. Sai na ɗaga murya na ce ita ba ta san nauyin abin ba, maganar maza ce, kuma wata uku ai da yawa. Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin tana nan a kunnena. Na ji maganganu masu zafi a rayuwata, an zage ni a kasuwa, an kore ni daga rumfa, duk sun wuce. Ita ce ba ta wuce ba.

Na yi ta zarya gidajen da ake sauke alhazan Kano, ban dace ba. Sai ana gobe Arfa aka ce mini wani dattijo maƙwabcin Yaya ya zo, amma ayarinsu ya riga ya fita Mina. A wannan shekarar ta nace sai ta je Arfa. Na ce jikinta ba zai ɗauka ba, ta ce ba jikin za ta kai ba. Wani maƙwabcinmu mai babbar mota da yake jigilar ruwa ya ba ta gaban mota, muka isa da hantsi, na sama mata gefen wata rumfa ta mutanen unguwarmu, na jingina ta da buhun gawayi da na lulluɓe da bargo.

Bayan an haɗa azahar da la'asar, lokacin da kowa yake ɗaga hannu, ta kamo bakin haramina ta ce, "Zauna mu yi addu'a tare. Rabon da mu tsaya nan ni da kai ba ka da salka a kafaɗa, tun shekarar da muka zo." Na ce mata yanzun nan zan dawo, in na bari aka watse daga Arfa ban ga dattijon nan ba, shi ke nan. Na zare haramina daga hannunta na tafi.

Wanda bai ga Arfa ba ba zai gane haukan da na yi ba. Tantuna iya ganinka, kowa fari fat, kowa kama ɗaya. Na shiga cikin Turkawa, na fito cikin mutanen Jawa, ina tambayar ina 'yan Najeriya, ana nuna mini gabas da yamma. Rana tana dukan ƙeyata, mutane suna kuka suna roƙon gafara, ni ina leƙa tantuna ina kiran sunan unguwa. Sai da rana ta yi ja na same shi. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan na ba shi saƙon. Ya ce in sha Allahu zai isar, amma sai sun je Madina sun yi kwanakinsu, sannan su jira jirgi a Jidda.

Na dawo ana shirin tashi. Tana nan inda na bar ta, leɓunanta sun bushe sun yi duhu, ga ɗan ruwa a kofi ta rufe da gefen mayafi. Ta miƙo mini ta ce, "Sha, na rage maka. Na yi maka addu'ar ma, tunda kai an aike ka." Na karɓa na shanye. Ko tambayarta ban yi ba ko ita ta sha.

Bayan Hajji jikin ya rikice. 'Ya'yanmu suka zo daga Jidda da Ɗa'if. Likita ya hau tudun nan da kansa sau biyu, duk da rashin kunyar da na yi masa, ya yi mata allurar da take rage ruwan jiki. A zuwansa na biyu ya tsaya a bakin ƙofa ya zaro alƙalami daga aljihu ya nuna mini. Na ce masa saura kaɗan, dattijon ya kusa isa gida. Ita ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Abin da take so kawai in zauna kusa in riƙa ba ta labarin hanya, yadda jakinmu ya ƙi shiga kwalekwale a bakin kogi, da matar da ta koya mata yin kisra, irin gurasar mutanen Sudan. Wani lokacin ina zama. Sau da yawa kuwa ina can ƙasan tudu ina tsaron mai kawo wasiƙu.

Ranar wata Talata da hantsi, wajen ƙarshen watan Muharram, ta cika. Ina riƙe da kofin kunu, babbar 'yarmu tana gyara mata matashi. Aka yi mata salla a Harami bayan la'asar, muka kai ta maƙabartar Ma'ala.

Kwana tara bayan nan wani ma'aikacin gidan waya ya hau tudun yana haki, yana tambayar gidan Usta. Barƙiyya ce daga Kano. Yayana, mutumin da nake ganin ba a yi masa maganar sirri sai a zaure bayan an ci abinci, shi ne ya taka da ƙafarsa har gidan waya ya faɗa wa baƙon ma'aikaci maganar gidanmu. An rubuta ta da Hausa da baƙaƙen boko, maƙwabcina ya karanta mini: "Ka faɗa musu yau. Wa ya ce ka jira ni a kan rai. Gaishe ta."

Na karɓi takardar na sauka, ban san inda ƙafata take kai ni ba sai da na ga katangar Ma'ala. Kabarin Makka ba suna, ba alama, duwatsu ne jere iri ɗaya. Na yi ta kewaya wurin da nake zaton nan ne, ban tabbatar ba. A ƙarshe na tsaya a tsakiya na ce, "Yaya yana gaishe ki." Sai na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, har mai gadin wurin ya zo ya ɗaga ni.

Saura kwanaki wa'adin ya cika, amma ban koma wurin likita ba, ban aika komai ba. Wa zan yi wa? Daga baya na ji cewa likitocin duniya sun fito da zobensu, sun yi masa rajista, ana sa wa mutane suna tashi. Ban ji hassada ba, Allah ya sani. Kuma na yi tambaya, an gaya mini ko da na rubuta layi ukun a ranar, da wuya wani likita ya sa aikin majemi a zuciyar ɗan Adam a wannan shekarar, sai an yi shekaru ana gwaji. Kwananta ya ƙare, ba takardar da za ta ƙara mata yini guda. Duk na yarda da wannan. Amma ita ba ta san haka ba, ni ma ban sani ba. A iya saninmu mu biyu, ranta yana hannuna, ta roƙe ni, na zaɓi sunana a bakin majema.

Sirrin kuwa, tun daga shekarar na faɗa wa duk wanda ya tambaya, Bahaushe da Bayamane da Ba'indiye. Saiwa guda ce, da yawan kwanakin da ake jiƙawa, da man da ake shafawa a ƙarshe. Ba wanda ya yi arziki da shi, gidanmu kuma bai rushe ba. Yau ma ba mai jima irin wannan, roba ta kashe salka.

Ina kewarta, ba na jin kunyar faɗa. Ina kewar faɗan da take yi wa kaji, da yadda take kashe mini wuta da magana guda. Abin da wannan al'amari ya koya mini, kuma nake gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ni, shi ne: in naka yana kwance ya roƙe ka abin da yake hannunka, ka ba shi a lokacin, ka nemi izini da gafara daga baya, domin masu ba da izinin suna nan za ka same su. In kuma ya ce ka zauna, ka zauna. Na bar ta ita kaɗai a yinin da ya fi kowane yini, na tafi neman yardar mutumin da tun farko ya yarda.